Burodin da Hertha Ta Sauya wa Lamba

Hertha Neubert ba ta taɓa sata ba sai da ta shekara hamsin da ɗaya a duniya. Abin da ta sata kuwa burodi ne, burodin ma na ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya.

A garinmu na kan tsauni, nan ɓangaren Gabas na ƙasar da aka raba biyu, mace ba ta gasa burodin Kirsimeti a gidanta. Tun kaka kowa take tara kayanta, fulawa da sukari da man shanu da ɗan abin zaƙin da ta samu, ranar da aka ba ta ta loda a amalanke ta kai gidan burodin Meister Uhlig. Shi zai kwaɓa, ya auna, ya gasa a tanderunsa. Nauyin kowane burodi ɗaya ne da na ɗan'uwansa, kuma da zarar an shafe su da mai an lulluɓe da sukari, ko wadda ta haɗa kayan ba ta iya bambanta nata da na maƙwabciya. Shi ya sa kowane gida yake da 'yan lambobin ƙarfe masu suna, ana soka su a ƙullun kafin ya shiga wuta. Daga nan a kai gida a naɗe, a ajiye a ɗakin ƙasa mai sanyi, babu mai sa masa wuƙa sai ranar Kirsimeti. Ranar ce ake sanin matsayin kowace mace a gidanta.

Hertha ta daɗe da sanin nata matsayin, ita ce ta biyu.

Ƙanwarta Traudel tana da 'ya ɗaya tilo, Marlies, wadda ta tsallaka Yamma tana 'yar shekara goma sha tara, makonni kaɗan kafin a rufe iyaka a 1961. Tun daga lokacin take aiko wa Traudel kwali ta gidan waya. Ba sai an gaya maka ya iso ba, tun daga matakala ƙamshin gahawa da sabulu zai tare ka. Na watan Nuwamba shi ne babba, a ciki akwai busasshen inabi manya-manya, da ƙwayar almon mai kama da gyaɗa, da ɓawon lemo dafaffe da sukari. Hertha kuwa ɗanyen tumatir take yayyankawa ta dafa da sukari ya tsaya a madadin ɓawon lemo, ta fasa ƙwallayen 'ya'yan itacen da ke bayan gidanta ta ciro ƙwayarsu mai ɗaci-ɗaci a madadin almon, ta narka kitsen sa ta ƙara wa man shanu auki. Haka ta ga mahaifiyarsu, Mama, tana yi a shekarun yunwa.

Ba wai Traudel marowaciya ba ce. Da ma rowar take yi, da Hertha ta samu abin kamawa. Duk zuwan kwali sai ta kawo wa yayarta sabulu ɗaya da gahawa a ɗan ƙunshin takarda, ta ajiye a kan tebur tana murmushin nan nata, ta ce, "Ga ɗan naki." Ɗan naki! Hertha takan yi godiya, baƙuwa na fita ta jefa sabulun can ƙasan durowa. Ta tara guda goma sha ɗaya, ko ɗaya ba ta taɓa jiƙawa ba.

Kowace Kirsimeti a gidan Hertha ake haɗuwa, domin mijin Traudel bai dawo daga yaƙi ba. Akan yanka burodi biyu, na kowacce ɗaya. Kuma kowace shekara Ottmar, mijin Hertha, mutumin kirki wanda Allah bai ba shi wayon rufe baki ba, sai ya miƙa hannu ya tsallake farantin matarsa ya ɗauki na Traudel, ya lumshe ido yana tauna, ya ce, "To, wannan shi ake kira burodi." Na Hertha sai watan Janairu ake cin sa, ana tsomawa a shayi.

Duk wannan da sauƙi a kan maganar Mama. Shekara shida tsohuwar tana kwance a ɗakin baya na gidan Hertha. Hertha ce wanka, ita ce juyi, ita ce wankin zanen gado cikin hunturu har hannunta ya tsattsage, bayan ta wuni a tsaye a masana'antar safa. Traudel sai ran Lahadi take leƙowa da guntun cakulan, amma tsohuwa ta yi ta washe baki ke nan, wai autarta ta zo. Mama tana da zoben zinariya mai ɗan jan dutse da ta gada a wurin uwarta, zoben da ya ga yaƙi biyu ba a musanya shi da dankali ba. Ranar da ta rasu aka duba yatsa, babu shi. Hertha ta birkice gidan kaf. Traudel ta ce, "Kin ga yadda ta rame. Wataƙila zamewa ya yi ya bi ruwan wanka." Hertha ta yarda, domin tana so ta yarda. Shekara uku da wannan take rarrashin zuciyarta: ba ta samu ba, amma dai Mama ba ta zaɓi wata ta ba ta ba.

A shekarar 1969 rana ɗaya Uhlig ya ba su, Talatar farko ta Disamba, su da wasu mata huɗu. Ɗakin gashin ya ɗau zafi, tagogi sun yi gumi, a waje dusar ƙanƙara ta kai ƙauri. Kowace mace ta tsaya a kan kwanukanta tana satar kallon na 'yar'uwarta.

Uhlig ya leƙa kwanon Hertha ya ce, "Frau Neubert, tumatirinki na bana ya fi na bara kore. Burodi za mu yi ko miya?"

Mata suka kwashe da dariya.

Hertha ta ce, "Kai dai kwaɓa abin da aka ba ka. Kuma ka cire babban yatsanka daga kan ma'auni, ina kallon ka."

Da ya zo kan na Traudel sai ya ɗebi inabi ya ɗaga sama yana jinjina kai. Wata daga cikin matan ta ce, "Ni ma da na sani na tura tawa 'yar ta tsallaka, ga ta can a gida ba abin da take kawo mini sai wanki." Aka sake dariya. Traudel ta yi ɗan murmushi. Kowa ya san Marlies za ta yi aure kwana biyu bayan Kirsimeti, kuma an hana uwar takardar tafiya. Sai wadda ta kai sittin ake bari ta tsallaka, Traudel kuwa tana da sauran shekara goma sha uku. Hertha ta tausaya mata ranar da amsar ta zo, da gaske ta tausaya. Amma da aka nuna mata hoton ango a jingine da mota tasa ta kansa, sai tausayin ya ragu da rabi.

Da aka raba ƙullu, Traudel ta ɗauki curi ɗaya ta ce, "Wannan na Marlies ne, Meister. Ni zan naɗe shi da hannuna." Ta koma lungu ta juya wa mutane baya, ta daɗe a kai. Da ta dawo da shi sai ta ciro lamba daga aljihun rigarta ta soka. Ba irin sauran nata na gwangwani ba ce. Ta tagulla ce, tsohuwa, bakinta ya ɗan lanƙwashe, an zana sunan Mama a jiki.

Nan take Hertha ta gane ta. Tun tana yarinya ita take goge lambar nan da toka.

"Ina kika samo wannan?"

"Ita ta ba ni."

"Yaushe?"

"Haba Hertha, wa zai tuna? Wata Lahadi dai."

Wata Lahadi. A cikin gidanta, ƙila ma tana tsakar gida tana shanya zanen gadon tsohuwar. Hertha ta cika ta yi fam. Awa biyu burodi yana wuta tana zaune a benci tana saƙa da warwara. Wai a ɗauki almon da ya zo daga Yamma, a gasa shi, a sake mayar da shi Yamma, wurin yarinyar da in ta fita ƙofar gida za ta saya ko buhu nawa take so. Da lambar Mama a kai. Ita kuwa da ta kwashe kashin Mama shekara shida, tumatir.

Burodi ya fito, aka shafe shi da mai tun da zafinsa, aka barbaɗa sukari har kowanne ya yi fari fat, aka jera a kan katako ya huce. Mata suka fita jawo amalankensu, Uhlig ya shiga shago wurin mai saye. Hertha ta ce igiyar takalminta ta kwance. Ba ta shirya abin ba, ko da yake daga baya ta kasa rantsuwa a kan haka. Ta zare lambar tagulla ta soka a ɗaya daga cikin nata, ta soka tata a na Marlies, ta ɗaga kowanne ta mayar a layin ɗayan, ta shafa sukari da yatsa a kan ramukan. Ko minti ɗaya ba ta yi ba. Ta lashe yatsan.

Washegari ita ta danne wa Traudel igiya da yatsa ana ɗaure kwalin da za a kai gidan waya.

Mako uku burodin yana ɗakin ƙasa, Hertha tana sauka duba shi ba gaira ba dalili. Wani lokaci kunya ta kama ta har ta ji zufa a wuya. Sai ta tuno "wata Lahadi", kunyar ta gudu. Ta ma shirya ƙaryar da za ta yi, cewa layi ta bi a babban birni ta dace da kaya. Abin da take so bai taka kara ya karya ba. So take sau ɗaya rak hannun Ottmar ya tsaya a kan farantinta, Traudel tana zaune tana gani.

Ranar Kirsimeti da la'asar aka shimfiɗa farin mayafin tebur, aka kunna kyandir, Traudel ta zo da nata burodin da gahawa ta gaske. Hertha ta riga ta ɗaukar wuƙa.

"Bana nawa burodin za a fara yankawa."

Yankan farko ya faɗo a faranti, rawaya, cike da inabi, almon fari-fari a ko'ina. Ottmar ya gyara tabarau. Ya ɗauka, ya gutsura, ya lumshe ido.

"Kai, kai. Tsohuwa, ashe kin iya? Yau dai kin kamo ƙanwarki."

Shekara takwas tana jiran wannan lumshe idon, ga shi ya zo, kuma ko a cikinsa sai da aka ambaci Traudel. Ta juya ta dubi ƙanwarta don ta karɓi abin da ya rage na daɗin. Traudel ba Ottmar take kallo ba. Yankan take kallo, fuskarta ta yi fari kamar mayafin teburin.

"A ina kika samu ɓawon lemo, Hertha?"

"A birni. Layi na bi."

"Wane shago?"

Hertha ta danna wuƙa a karo na biyu, sannan na uku. A na ukun wuƙar ta ci karo da wani abu ta tsaya. Ta ɗauka ɓawon almon ne, ta sa yatsa ta tono. Ɗan ƙunshin takardar mai ne, bai fi ƙwayar wake biyu ba, an naɗe shi tam da zare. Tun kafin ta warware ta san ko mene ne. Jan dutsen ya fito yana ƙyalli, da ɗan maiƙo a jikinsa.

Ottmar ya daina tauna. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ce bari ya duba gawayin murhu, ya fice da yankansa a hannu.

Hertha ce ta fara magana, muryarta a ƙasa. "Ya bi ruwan wanka."

"Kin sace burodin 'yata."

"Kina kallo na ɗaga katifa, na kwance bututun bahon wanka da hannuna. Kina tsaye. Har tocila kika riƙe mini."

"Jibi ne auren, Hertha. Jibi." Traudel ta dafa tebur da hannu biyu. "Na rubuta mata na ce ta yanka da kanta, a hankali, kafin ranar. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan, kin san ana buɗe wasiƙu. Yanzu haka tana can ta marmashe shi kaf tana nema. Ba ni a wurin, ba ubanta, ba kowa nata. Abu ɗaya na ce zai tsaya mata a madadinmu."

Maganar ta soki Hertha, amma akwai wadda ta fi ta ci mata rai, kuma ita ta fito. "Me ta ce da ta ba ki?"

"Wa?"

"Kin san wa."

Traudel ta janye hannunta daga tebur. Sannan ta ce, "Cewa ta yi, Hertha tana da miji, tana da gida, tana da ƙarfi, ba ta bukatar komai. Ta ce kada in gaya miki, za ki ji haushi."

Ba ta bukatar komai. Hertha ta ji kamar an ɗora mata dutsen guga a ƙirji. Ashe duk wankin nan da juyin nan, abin da tsohuwar ta gani ke nan, mace mai ƙarfi wadda ba sai an ba ta ba. Da ta san haka ne da ta riƙa kuka a gabanta ko sau ɗaya a mako. Ta dunƙule hannu a kan zoben.

Traudel ta dubi hannun, ba ta miƙo nata ba. Ta ɗauki kwat ɗinta ta fita, ta bar burodinta da gahawarta a kan tebur.

Mako huɗu ba su yi magana ba. A masana'anta layinsu ɗaya, inji uku ne tsakaninsu, kowacce ta kafa ido a kan zarenta. Zoben yana ƙasan durowa tare da sabulai. Hertha ba ta sa shi ba, ba ta kuma mayar ba. Ranar auren ta wuni tana goge ƙasan kicin da ba shi da datti, tana ganin Marlies a ranta, yarinyar da ta goya, zaune gaban tulin marmashi da koren tumatir.

Ƙarshen Janairu, wata Asabar da rana, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Traudel ce, da wasiƙa a hannu. Ba ta cire kwat ba, ba ta zauna ba.

"Ta rubuto. Ta ɗauka a iyaka aka zare zoben, ta ce kada in damu." Ta buɗe takardar. "Saura kuma naki ne, sai ki ji."

Ta karanta da murya a bushe, kamar mai karanta sanarwar ofis. Marlies ta ce ta yanka burodin ita kaɗai a kicin, ba ta sami komai ba, ta zauna ta yi kuka. Sannan ta kai ɗan marmashi baki. "Mama, me kika sa a na bana? Shekara takwas ban ji wannan ɗanɗanon ba. Ɗan ɗacin nan, da ƙamshin kitse, sak na Kaka. Na rufe ido na gan ni a ɗakin baya ina zaune a bakin gadonta. Ban ba baƙin biki ko yanka ɗaya ba, na ɓoye abina ina ci kaɗan-kaɗan. Waɗanda kike aiko mini a baya suna da daɗi, amma irinsu ake sayarwa a nan kowane shago. Don Allah kada ki ƙara aiko mini da wani sai irin wannan."

Traudel ta ninke takardar.

Gaskiya ita ce daɗi ne ya fara kama Hertha, daɗi mai zafi wanda ya taso mata tun daga ciki har kunnuwa, kafin kunya ta biyo baya. An zaɓi nata. Ba a san nata ba ne, amma an zaɓe shi. Ta ɗaga kai, sai ta ga yadda ƙanwarta take kallon ta, baki a tsuke, ido a ƙanƙance, ana haɗiye abu da ƙyar. Ta san wannan kallon sarai, ita ta saba yin sa. Ba ta taɓa tsayawa ta wannan gefen ba, kuma bai yi mata daɗin da ta zata ba.

Traudel ta ce, "Shekara takwas ina zaɓar mata mafi kyau. Ba ta taɓa rubuta mini layi biyu a kan burodi ba. Ni ban iya na Mama ba. Ban taɓa tsayawa na koya ba, ke ce kike wurin."

Hertha ta buɗe durowa ta tura sabulai gefe, ta ɗauko zoben ta ajiye a kan tebur.

"Sai a sa mata a na baɗi."

"Aure ya riga ya wuce."

"Yatsa dai bai wuce ba."

Traudel ba ta taɓa zoben ba. Ta sa hannu a aljihun kwat ta ciro lambar tagulla, ta ajiye a gefensa, ta tura su duka biyun gaban yayarta da ɗan yatsa.

"Ke za ki riƙa yi mata daga yanzu. Ki sa tumatirinki da kitsenki, ki sa zoben a ciki." Ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a kan mariƙi, ba ta juyo ba. "Amma sunana za a rubuta a kan kwalin. Kuma ba za ta taɓa sani ba, Hertha. Kina da komai. Wannan ki bar mini."

Hertha ta buɗe baki za ta ce wane komai, sai ta rufe. Ta ji saukar ƙanwarta a matakala, taki ɗaya-ɗaya, har ƙofar waje ta rufu. Ta daɗe zaune gaban zoben da lambar. Sannan ta tashi ta ɗebo toka a murhu, ta jawo kujera kusa da taga, ta fara goge tagullar.